Kati a hannu, magani a kemis: abin da ke hana talakan Jos cin moriyar inshorar lafiya

Tun watan Mayun 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, inshorar lafiya ta zama wajibi a kan duk mazaunin Najeriya. Dokar ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da matalautan da ba su da halin biya. A lokacin an ce mutum miliyan 83 ake son asusun ya ɗauki nauyinsu. Amma zuwa ƙarshen 2024, adadin da hukumar ta bayar na duk masu inshora a ƙasar, ma'aikaci da ɗan kasuwa da talaka, bai haura miliyan 20 ba, a cikin al'ummar da ta wuce miliyan 200.

Wannan giɓi shi ake yawan magana a kansa, kuma ya cancanci a yi. Sai dai akwai wani giɓin da ya fi damuna, wanda ba a cika kawo alƙalumansa a taron manema labarai ba, wato tazarar da ke tsakanin mallakar kati da samun magani. Mace tana iya riƙe da kati a jakarta shekara guda cur, sunanta yana cikin waɗanda aka ƙidaya aka ce an yi musu rajista, amma ranar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi, a kemis ɗin bakin layi za ta ƙare, da kuɗin da ta ranto. A lissafin hukuma tana da inshora. A lissafin gidanta ba abin da ya sauya.

Kafin a gane inda matsalar take, sai an san yadda aka zo nan. An kafa tsohuwar hukumar, NHIS, da dokar 1999, ta fara aiki a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara, domin su ne masu albashin da za a iya cira daga tushe. Tsarin ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, kuma mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Shekara da shekaru abin bai fita daga wannan da'irar ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya gano cewa kusan kashi 3 cikin 100 ne kacal na manya suke da inshorar lafiya. Sauran kuwa daga aljihu suke biya, shi ya sa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya yake fitowa kai tsaye daga hannun marasa lafiya da danginsu. A ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 suna fama da talauci ta fuskoki da dama, kowa ya san ma'anar wannan. Akuya ake sayarwa, a jinginar da gona, a sayar da keken ɗinki. Idan duk sun ƙare, sai magidanci ya miƙe a masallaci bayan sallar Magariba, ko a coci bayan sujada, da takardar asibiti a hannu, kansa a sunkuye, yana neman taimakon bayin Allah.

Ƙofar da aka buɗe wa talaka ta zo ne da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ita ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta raba kuɗin: rabi ya bi ta hukumar inshora domin biya wa marasa galihu, kashi 45 ya bi ta hukumar kula da lafiya a matakin farko domin magunguna da gyaran asibitoci da ma'aikata, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware kuɗin, naira biliyan 55. Domin jiha ta ci moriyarsa, dole ta kafa hukumarta ta inshora. A nan Filato, ita ce PLASCHEMA, wadda aka kafa a 2019 zamanin Gwamna Simon Lalong. Kenan mai sayar da kayan gwari a Farin Gada, da ɗan dako a Katako, da matar da ke wanke kuza a bakin kududdufi a Bukuru, idan za su samu inshorar gwamnati, ta wannan hukuma za su bi, ko dai su biya kuɗin shekara da kansu, ko kuma a saka su cikin waɗanda asusun zai biya wa.

To, a ɗauka an yi wa mutum rajista. Me ke faruwa da kuɗinsa?

Asibitin da aka haɗa shi da shi, wanda galibi ƙaramin asibitin gunduma ne, ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane kai, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Daga wannan kuɗin ne asibitin zai duba shi, ya yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya ba shi magani, ya yi wa matarsa awo. Idan ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, sai a tura shi babba, shi kuma babban asibitin ba a biyansa sai ya yi aikin, ya rubuta takardar neman kuɗinsa, an tantance, sannan a biya. Kuma kafin ya fara aikin, yana buƙatar lambar izini daga wanda zai biya, ko hukumar jiha ko kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO.

Hikimar biyan wata-wata a bayyane take. Asibitin da ya san kuɗinsa ba zai ƙaru ba don mutane sun yawaita rashin lafiya, zai so ya kama ciwo tun yana ƙarami. Amma wannan hikima tana aiki ne kawai idan kuɗin ya isa, kuma ya zo a kan kari. A tsarin tarayya, kafin 2024 naira 750 ake biya a kan kowane kai a wata, kuma an shafe fiye da shekara 10 ba a taɓa wannan adadi ba. A cikin waɗannan shekarun aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa wata guda bayan haka, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a watan Agustan shekarar, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi. A yi lissafi mai sauƙi. Asibitin da ke da mutum 500 masu kati zai karɓi naira 375,000 a wata. A ciki zai sayi magani, da kayan gwaji, da safar hannu, da man janareta. Mutum 30 masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda suke buƙatar magani kullum har ƙarshen rayuwarsu, sun isa su cinye kaso mai tsoka na wannan kuɗin kafin a zo kan yaran da damina ke kwantarwa.

Abin da ke biyo baya kowa ya gan shi a tagar ɗakin magani. Dattijo ya miƙa takarda mai magani huɗu. Ma'aikaciyar ta duba, ta sa alama a kan biyu, ta zuba masa farasitamol da maganin ƙarin jini a 'yar leda, sannan ta ce, "Baba, waɗannan biyun babu su, sai dai a saya a waje." Ya ce, "'Yata, ai ina da kati." Ta ce, "Na gani, Baba, ba mu da su ne." Kuma waɗannan biyun da babu, su ne masu tsadar, su ne ma ainihin maganin ciwon da ya kawo shi. Ba na ɗora laifin a kan yarinyar da ke tagar. Ba ita ta tsara farashi ba, ba ita ke riƙe da kuɗin ba. Amma dattijon nan zai koma unguwa ya ba da labari, kuma duk wanda ya ji ba zai ƙara sauraren mai tallar inshora ba. Haka tsarin yake rasa mutane, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an rubuta a ko'ina ba.

A nan ne ma ake samun layi biyu a wasu asibitoci, wanda ba a rubuta shi a bango ba amma kowa ya san da shi: mai kuɗi a hannu ya shiga da wuri, mai kati ya jira. Asibitin da yake bin bashin watanni yana kallon mai kati a matsayin asara. Wannan ba a Najeriya kaɗai ake ganinsa ba. A Amurka ma, shirin Medicaid da aka kafa a 1965 domin masu ƙaramin ƙarfi yana fama da likitocin da ba sa karɓar masu katinsa, saboda abin da yake biya bai kai na sauran ba. Duk inda aka biya mai aiki ƙasa da abin da ya kashe, mara lafiya ne zai cike giɓin, ko da kuɗinsa, ko da lokacinsa, ko da mutuncinsa.

Gaskiya ne an motsa. A 2024 NHIA ta yi ƙarin farko, sannan a 2025 ta sanar da cewa kuɗin kowane kai ya ƙaru da kashi 93 cikin 100 a kan tsohon farashi, na biya bayan aiki kuma da kashi 378. Ta kuma ba kamfanonin HMO umarnin su riƙa fitar da lambar izini cikin awa ɗaya. Matakai ne masu kyau, kuma sun nuna an gane inda ciwon yake. Abin da nake so a lura da shi shi ne, ƙarin da aka yi bayan shekara 10, hauhawar farashi za ta sake cinye shi. Kamata ya yi a mayar da duba farashi abin yi duk shekara, bisa ƙa'idar da kowa ya sani, kuma hukumomin jihohi su bi sahu, tunda talakan da muke magana a kansa a hannunsu yake, ba a hannun tsarin ma'aikatan tarayya ba.

Maganar lambar izini kuwa, wanda bai taɓa tsayawa a kan mai naƙuda ba zai ɗauke ta ƙaramar magana. Mace ta fara zubar da jini da ƙarfe biyun dare a ƙaramin asibiti. Ungozoma ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta rubuta takardar turawa. A Jos an hana achaba a cikin gari tun 2012, keke kuma ba kowane lokaci ake samunsa da tsakar dare ba, sai a buga wa maƙwabci mai mota ƙofa. An isa babban asibiti, sai a ce a jira lamba, ko a ajiye kuɗin kafin alƙalami, a kawo jini leda biyu. Mijin yana tsaye da waya a kunne yana kiran lambar da ba a ɗauka. A irin wannan daren ne ake rasa mata. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna cewa a cikin duk mata huɗu da suka mutu a duniya sanadiyyar ciki ko haihuwa, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce. Alhali sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, har da tara da ɗauri ga wanda ya saɓa. Mutane ƙalilan ne suka san da wannan sashe. Kuma ba zai yi aiki ba muddin asibitin da ya karɓi matar bai da tabbacin wa zai biya shi. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu, NHIA kuma tana gudanar da shirin yi wa masu yoyon fitsari aiki kyauta. Abin da ya rage shi ne kowace ungozoma a kowace gunduma ta san sunan asibitin da ke cikin shirin mafi kusa da ita, da lambar wayar da za a ɗauka da daddare, kuma a ce a fara ceto rai, takarda ta biyo baya.

Jos tana da wata matsala tata ta daban da mai zama a ofis a Abuja ba zai gani a taswira ba. Tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, garin ya rabu. Akwai unguwannin da wani ba ya jin sakewar shiga, musamman bayan faɗuwar rana, ko a ranakun da gari ya ɗauki zafi. Asibiti yana iya kasancewa tafiyar minti goma da ƙafa daga gidan mutum, amma a zuciyarsa ya fi Lamingo da ke can gefen gari nisa. Idan aka haɗa mace da asibiti don kawai shi ne na gundumarta a takarda, ba a tambaye ta ba, to an ba ta katin da ba za ta yi amfani da shi ba. Ina fatan ranar da wannan rabuwa za ta zama tarihi, kuma asibiti yana cikin wuraren da har yanzu Musulmi da Kirista suke zama a benci ɗaya suna yi wa juna sannu. Amma kafin wannan ranar, a bar mutum ya zaɓi inda zai je, kuma a sauƙaƙa masa sauyawa idan ya ga bai gamsu ba. Wannan 'yancin sauyawa ma shi ne babban makamin mai kati, domin asibitin da ya san kuɗin wata zai bi mutum duk inda ya koma, zai gyara yadda yake karɓarsa.

Wajen gari kuma nisa ne na zahiri. Filato tana da ƙananan hukumomi 17, amma manyan asibitocin ƙwararru, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da Asibitin Ƙwararru na Jiha da asibitin koyarwa na Bingham da aka fi sani da Jankwano, duk a Jos suke. Wanda aka turo daga Wase ko Kanam ko Shendam, kuɗin mota da na abincin mai jinya da na kwana ba sa cikin inshora, kuma sau da yawa su ne suke sa a ce a koma gida a yi na gargajiya. Sannan ga waɗanda hare-hare suka raba da muhallansu a Mangu da Bokkos da Barkin Ladi da Riyom da Bassa. Wanda ya gudo da kayan jikinsa, katinsa ya ƙone, asibitin da aka haɗa shi da shi yana can garin da ya baro. Inshorar da ba ta bin mutum zuwa inda ya samu mafaka ta yashe shi a daidai lokacin da ya fi buƙatarta.

Sai babbar tambaya: wane ne talaka, kuma wa ya ce shi ne? Kuɗin asusun ba ya isa kowa, don haka dole a zaɓa. Ana dogara da rajistar marasa galihu ta ƙasa, da masu unguwanni, da shugabannin al'umma. Duk inda guraben suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, to akwai haɗarin su zama abin rabo a hannun masu faɗa a ji, su tafi ga ɗan uwa da ɗan jam'iyya. Wadda ta fi kowa cancanta, bazawara mai marayu biyar da ke wankau a gidajen mutane, ita ce ba ta san ranar da aka zo rubuta sunaye ba, domin tana wurin aiki. Idan ma ta ji, za a tambaye ta lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, wadda samunta yana nufin ta bar aikin yini ɗaya ko biyu ta bi layi. Maganin wannan ba mai wuya ba ne. A kai rajistar inda mutanen suke, a ranar awo, a ranar rigakafi, a kasuwa, a zo da na'urar yin NIN a wurin. A kafe sunayen waɗanda aka zaɓa a bangon asibitin gunduma, kowa ya gani, wanda yake da ƙorafi ya kawo. Kuma ma'aunin ya zama zama a jihar da halin da mutum yake ciki, ba asalin kakanninsa ba. A garin da maganar ɗan ƙasa da baƙo ta jawo asarar rayuka, bai kamata a bar ko ƙofar zargi a buɗe ba a kan wanda za a yi wa magani.

Akwai kuma waɗanda ke tsakiya, kuma su ne mafi yawa: ɗan keke, mai shayi, tela, mai gwanjo a Taminus, manomin dankali. Ba su shiga jerin marasa galihu ba, ba su kuma da albashin da za a cira. An ce su biya kuɗin shekara a dunƙule. Mutumin da yake hannu baka hannu ƙwarya, a ce ya fitar da kuɗin mutum bakwai rana ɗaya, domin ciwon da bai zo ba tukuna, abu ne mai nauyi. Mutanenmu sun saba da adashi, inda kowa yake zubi kuma kowa yana da ranar ɗaukarsa. A inshora kuwa, wanda Allah ya ba lafiya shekara guda ba ya ɗaukar komai a hannu, kuɗinsa ya tafi wurin jinyar wani. Idan ba a yi wa mutum wannan bayani da gaskiya tun farko ba, a ƙarshen shekara zai ce an ci kuɗinsa, ba zai sabunta ba. Sai ya zamana masu shiga su ne waɗanda suka riga suka san suna da ciwo, ko matan da cikinsu ya tsufa. Asusun da marasa lafiya kaɗai suke zuba wa kuɗi ba ya daɗewa. Wannan ne dalilin da ya sa ake sa lokacin jira kafin kati ya fara aiki, abin da yake ɓata wa mutane rai idan ba a gaya musu ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a shigo da mutane ƙungiya-ƙungiya, ta hannun ƙungiyoyin 'yan keke da 'yan kasuwa da manoma waɗanda dama suna karɓar kuɗin yau da kullum, a bar su su biya kaɗan-kaɗan, manomi kuma a karɓi nasa da kaka. Masu shakku ta fuskar addini su ma a zauna da malamansu a buɗe musu littafi su ga cewa taimakekeniya ce, ba caca ba. Ana iya amfani da zakka da wakafi da baikon coci a biya wa marayu da zawarawa na shekara guda, wanda ya fi a jira sai an kwantar da su sannan a fara yawo da takarda.

Duk da haka, kada mu ruɗi kanmu. Ƙasashen da suka kai ga talakansu da inshora, da kuɗin gwamnati suka kai. Ghana ta kafa nata tsarin a 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan saye domin ciyar da shi, ta kuma yafe wa masu juna biyu biya tun 2008. Ruwanda ta kasa jama'arta rukuni-rukuni bisa ƙarfinsu, gwamnati ta ɗauki nauyin na ƙasa gaba ɗaya, har ta kai fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙasar suna da inshora. Mu kuwa, a Abuja aka taru a watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma har yau kasafin tarayya bai taɓa kusantar wannan adadi ba. Kashi 1 cikin 100 na dokar 2014 mafi ƙaranci ne da aka gindaya, ba iyaka ba. Jihohi ma akwai nasu kason da ake sa ran su zuba domin marasa galihu. Abin da ya kamata 'yan majalisar dokokin Filato da 'yan jarida su riƙa bibiya shi ne nawa aka saki a zahiri, kuma a wane wata, domin abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da ya shiga asusun asibiti daban.

Ko kuɗin ya zo, sai da mai duba mara lafiya. Ministan Lafiya da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. A ƙananan asibitoci da yawa, ma'aikacin lafiya ɗaya ko biyu ne suke riƙe da komai, da 'yan sa-kai da ba su da albashi. Asibitin da ake rufewa da la'asar ba shi da amfani ga naƙuda, wadda ba ta san agogo ba. Kuɗin da asusun ke turawa kai tsaye ga kowane asibitin gunduma, kimanin naira 300,000 a duk wata uku a farkon shirin, ya taimaka wurin gyaran rufi da sayen magani da biyan mai gadi, amma ba zai ɗauki ungozoma ta biyu ba. Wannan aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Ina ganin ya fi a samu asibiti ɗaya a gunduma mai aiki dare da rana, da ruwa da wutar sola da ɗakin kwanan ungozoma, a kan a samu uku masu sabon fenti da kwaɗo a ƙofa.

Abu na ƙarshe da mai kati ya rasa shi ne sanin haƙƙinsa. Da yawa ba a taɓa gaya musu abin da katin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, sai a tagar biya suke ji. A rubuta jerin ayyuka da magungunan da ke cikin tsarin, da Hausa da Turanci da harsunan yankin, a kafe a ƙofar kowane asibiti, a karanta a rediyo domin wanda bai iya karatu ba. A ƙasansa a sa lambar kai ƙorafi wadda kira kyauta ne, kuma mai ɗauka yana jin Hausa. Idan aka ce wa mai kati babu magani, a ba shi takardar shaida, ya karɓa a wani kemis da hukuma ta amince da shi, a cire kuɗin daga kason asibitin. Ita kuma PLASCHEMA, tare da adadin waɗanda ta yi wa rajista, ta riƙa fitar da wasu alƙaluman duk wata uku, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: mutum nawa cikin masu kati suka je asibiti aka duba su, nawa suka fita da duk maganin da aka rubuta musu, kwana nawa asibiti yake jira kafin a biya shi, awa nawa lambar izini take ɗauka, da kuma mutum nawa suka dawo da ƙafarsu suka sabunta katinsu da shekara ta zagayo.